Injiniyar da Ta Mai da Danni Biyu Ɗaya

Na Allah muke, kuma gare shi makoma take. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, aka sanar da mu cewa Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofishinmu, ta rasu bayan gajeriyar jinya. Na rubuta ta'aziyyar nan na goge sau da yawa, don tsoron kada in tauye mata haƙƙi.

Injiniya, kowa a nan yana da labarinki. Mai shara ta ce ke kika koya wa 'yarta buga rubutu a lokacin hutun rana. Direba ya ce kin ceto masa hotunan mahaifiyarsa daga wayar da ta faɗa ruwa. Ga nawa.

Bara na dawo aiki bayan shanyewar ɓarin jiki. Na samu sauƙi, amma yatsana ya yi nauyi. Fayil ba ya buɗewa sai an danna linzamin kwamfuta sau biyu da sauri, ni kuwa kafin in yi na biyun, kwamfuta ta ɗauka suna nake son canza masa. Aiki ya taru mini. Shugaban sashe ya fara maganar a sallame ni in je in huta, ga yarana duk suna makaranta.

Wata rana kika tsaya a bayana kina gyara wayar firinta, kika daɗe fiye da yadda gyaran yake buƙata. Sannan kika tattara kayanki kika wuce. Washegari fayil ya koma buɗewa da danni ɗaya, ba a kwamfutata kaɗai ba, a ta kowa.

Ofis ya ɗauki zafi. Akanta, wanda ya fi kowa baki, ya ce, "Haba Injiniya! Ko numfashi na yi sai fayil ya buɗe. Aljanu kika zuba mana?"

Kika ce, "Yallaɓai, linzamin nake tausaya wa. Dukan da kake masa ya isa haka."

Makonni kina shan ƙorafi, ko sau ɗaya ba ki kalli wajena ba. Aikina ya daidaita, maganar sallama ta bi ruwa. Na so in gode miki, na ji tsoron godiyar ta tona abin da kika rufe. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Jiya sabon mai gyara ya zo dubawa. Ya ce, "Wa ya yi wannan saiti? Bari in mayar da shi yadda aka saba." Akanta ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ɗan'uwa, bar shi. Mu nan haka hannunmu yake so." Babu wanda ya waiwayo ni. A nan na gane ba ke kaɗai kika lura ba. Ke ce dai kika koya musu shirun.

Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini, ya haskaka makwancinki, ya sauƙaƙa miki hisabi. Ga mijinki, mahaifiyarki da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku. Amin.