Akushin Ƙirya da Inna Ta Ƙona

Akwai abin da ya faru a gidana na Tudun Wada, cikin Gusau, wanda ko ƙwaƙwalwata ta fara zuba saboda tsufa, na san shi zai rage a ciki.

Da na yi ritaya daga aikin gwamnati, zaman banza ya kusa haukata ni. Sai na faɗa wa sassaƙa. A waya na ga yadda ake ɗaure gungumen itace a jikin inji, yana juyawa mutum yana kafa masa ƙarfe har ya zama kwano. Wani mai walda a Tsafe ya haɗa mini irinsa da tsohon injin niƙa, na kafa shi a rumfar da nake ajiye mota. Ba don sayarwa nake yi ba. Uwargida kan ce duk garin nan ni kaɗai ne ke sayen fetur don ya tara shara. Ni kuwa da taurin kai, in ta faɗa sai in ƙara wa injin gudu.

A wannan shekarar ce mahaifinmu ya rasu a Nahuce, ta ƙasar Bunguɗu. Da Inna, mahaifiyata, ta fita takaba, muka ɗauko ta zuwa Gusau. Tun zuwanta abinci ya gagara. A kawo mata tuwo a kula mai kyau, ta yi loma biyu ta ture. Muka kai ta asibiti, likita ya ce bai ga wata cuta ba, amma in ta ci gaba a haka jikin ba zai ɗauka ba. Kullum tana kwance, fuskarta na kallon bango. Mun hana ta ko ɗaga tsintsiya, wai mu nan gata muke yi mata. Na tsorata ƙwarai, don ina ganin uwata na ƙarewa a gabana ba ni da abin yi.

Ƙanwata ce ta tuna mini abin da na manta. Tun muna yara, a baƙin akushi Inna ke zuba wa Baba tuwo. In ya ci ya rage, sai ta ja akushin ta ci sauran, a nan cikinsa. Ba ta taɓa zuba nata daban ba. Akushin kuwa ya fashe a hayaniyar zaman makoki, aka zubar ba wanda ya kula.

Washegari na kama hanyar Nahuce. A gonar Baba akwai ƙirya da iska ta kayar tun daminar da ta gabata, yana ta cewa zai sa a yi turmi da ita, Allah bai nufa ba. Na sa aka yanko mini guntu daga wajen da ya bushe sosai, na sako a bayan mota.

Wanda bai taɓa sassaƙa ƙirya ba bai san wahala ba. Itace ne mai taurin tsiya. In na kafa ƙarfe sai ya dakushe, in wasa, in koma. Hannuwana suka yi kanta. Ana cikin haka ƙarfen ya cije a wani ƙulli, gungumen ya ɓalle daga injin ya daki bango, ya wuce ta gefen kunnena. Na ɗauko shi gabana na faɗuwa, ba don kaina ba, don kada ya tsage. Allah ya taimake ni, ɗan gefe kawai ya ɓantare, na rage masa tsawo na ci gaba. Da na gama raraƙe cikin, na bi shi da samfefa har ya yi sumul. Ban taɓa yin abu mai kyansa ba, kuma na san haka. Niyyata in shafe shi da man sheƙi irin na kafintoci, ya riƙa ɗaukar ido.

Zumuɗi bai bar ni na jira ba. Na kai mata shi a haka, na durƙusa na ce daga ƙiryar gonar Baba ne. Ta juyo daga bango, ta karɓa, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Ina jiran sa albarka, sai na ji ta ce:

"Wanga mi na? Wa ka cin tuwo cikin hwarin akushi?"

Na ce, "Inna, ban gama ba, gobe zan shafa mai na sheƙi."

"Sheƙi? Madubi kaka yi ko akushi? Ku hura mani gawayi, ku samo tsohon lauje da man shanu."

Uwargida ta ce ta bari a yi mata, jikinta ba ƙarfi. Inna ta harare ta, ta ce, "Ke kin iya?" Ba wanda ya iya a gidan, har ni mai inji.

Muka fito da ita tsakar gida, ta zauna a tabarma. Ta sa laujen a wuta har ya yi ja, ta ɗauko ta manna a jikin akushina. Hayaƙi ya tashi. Gaskiya raina ya ɓaci, aikin da na sha wuya a kansa ake ƙonawa ina kallo. Na buɗe baki zan yi magana, sai na lura da hannunta. Hannun da ke rawa in ta ɗauki kofin ruwa, ga shi yana bin akushi layi-layi ba gargada. Ta bi ciki da waje har ya yi baƙi ƙirin, tana yi tana faɗa mana yadda kakarmu ta koya mata, wai ƙuna ce ke toshe itace kada miya ta shige shi. Rabon da mu ji ta yi doguwar magana haka tun kafin rasuwar. Ta murje shi da man shanu, ta sa aka wanke, ta sake murzawa.

A daren ranar ta aika a tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, har tana leƙa tukunya tana cewa daddawar ta yi kaɗan. Ita da kanta ta kwashe a akushin. Na zaci za ta ja gabanta, sai ta turo mini.

"Ci, ka rage mani."

Na gane wurin wa ta zaunar da ni. Na ci, hawaye na neman tona mini asiri a gaban iyalina. Na rage fiye da rabi. Ta ja akushin, ta cinye tas, ta suɗe yatsu.

Inna na nan da ranta, ta yi ƙiba har tana faɗa da jikoki. Duk akushin da na sassaƙa yanzu, fari nake kai mata, ita ke ƙonawa. Na koyi cewa tsoho ba hutu kaɗai yake so ba, yana so a buƙace shi. In za ka yi wa iyayenka alheri, kada ka gama komai da kanka, ka rage musu abin da za su sa hannu.