Kwana Ashirin da Uku Babu Lalle

A ƙauyenmu, Hillar Bako, tafiyar rabin sa'a a raksha, keken nan mai ƙafa uku, daga garin Hajj Abdalla, matar aure ba ta fita da hannu babu lalle. Kan yatsu baƙi wuluk, tafin ƙafa ma haka, da ya fara koɗewa sai a sake. Mata iri biyu kaɗai ake gani da hannu fes: mai takaba, da wadda zaman aure ya ƙi mata. Na san wannan fiye da kowa, domin sa lalle shi ne sana'ata. Sunana Lubna, kuma wadda zan ba ku labarinta matar yayana Salih ce.

Mu'minat 'yar Zariya ce, karatu ya kawo ta jami'a a Wad Madani. Wata rana a cikin bas ta ji wata tsohuwa tana zazzaga wa ɗanta faɗa da Hausa, saboda ya manta katin asibiti a gida. Dariya ta kuɓuce mata. Tsohuwar Innarmu ce, Dije, ɗan kuwa Salih. Kafin su sauka Inna ta san sunanta da na ubanta, bayan shekara biyu aka ɗaura aure.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a cikinmu kafin abin ya faru. 'Ya'ya uku, amma har lokacin tob ɗinta, mayafin da matanmu ke naɗawa, zamewa yake daga kafaɗa, kisrarta kuma, wainar dawar da ake so siririya, kauri kamar tabarma. Muna yi mata dariyar Hausarta, ita kuma ta ce tamu irin ta kakannin kakanninta ce da aka jiƙa a Larabci. Abin da babu mai yi mata dariya a kai shi ne aji. Turanci take koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma kafin zuwanta Turanci ne ke kayar da yaranmu a jarrabawar aji takwas, su dawo gida su zauna. A wannan shekarar tana da ɗalibai ashirin da shida da za su zauna jarrabawa a watan Maris.

A farkon Fabrairu, shekarar zaɓe, takarda ta zo daga ofishin ilimi. Duk malamin da ba ɗan ƙasa ba ya kawo fish cikin kwana talatin, wato shaidar 'yan sanda cewa ba a taɓa kama shi da laifi ba. In bai kawo ba, ya bar aji. Makarantar ba ta da wani malamin Turanci.

Wanda ya kawo takardar da hannunsa shi ne Abdussalami, shugaban majalisar iyaye, mai neman kujerar majalisar jiha. Ya tsaya a ofishin shugabar makaranta da rawani kamar kwando, ya yi jawabi a kan yadda ba a damƙa 'ya'ya a hannun baƙo sai an san ko wane ne. Baƙo! Kakansa da kakanmu tare suka tako daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka, ƙarfi ya ƙare musu a bakin kogin nan namu. Kuma babu yaron da bai san Abdussalami ya yi shekara biyu a kurkuku ba, kan takin ƙungiyar manoma da aka loda a mota bai isa gonar kowa ba. Shekara tara ke nan, alkamar Inna tana cikin waɗanda suka lalace. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ma in na tuna sai ya ɓaci.

Mu'minat ba ta damu ba. Ta ce, “Ai ko akuyar wani ban taɓa kora ba. Jibi sai in je Madani.”

A nan na yi ɓarnata. Matar yayana za ta shiga birni, ofishin gwamnati, ta miƙa hannu a gaban mutane? Na kwaɓa lalle mafi kyau da nake da shi, na sa mata sau biyu, na turara har ya yi baƙi kamar bayan tukunya. Inna ta duba ta ce madalla. Babu wanda ya yi tunanin komai a cikinmu.

Ni na raka ta. Muka yi layi tun hantsi, aka kira ta wajen wata 'yar sanda mai na'urar ɗaukar zanen yatsa. Ta ɗora babban yatsa, na'urar ta yi ja. Ta ɗora manuni, ja. Duka goma ja.

“Ya ustaza, jihaz, na'urar nan, ba ya ganin komai,” in ji 'yar sandan da Larabci. “Wa ya yi miki wannan lalle?”

Na sunkuyar da kai.

“Ki je sai ya fita tas. Kuma kada ki goge da magani ko dutse, in fatar ta saɓule wata biyu ba za ta ɗauku ba.”

A bas Mu'minat ta yi lissafi da yatsun nan baƙaƙe. Kwana uku sun tafi. Lallena ba ya sakin fata kafin mako uku, abin da kullum nake taƙama da shi. Fish kuma sai ya kwana biyu kafin ya fito. Ta dube ni ta ce, “Lubna, da ma ba ki iya aikinki haka ba.” Ta yi dariya, ni kuwa kuka ne ya zo mini.

Inna ba ta karɓi zancen barin hannu babu lalle ba sam.

“Ɗana da rai nai, yana tahiya da ƙahwahu nai, za ki yi mai takaba?” ta ce. “Mi mutane za su ce?”

“Inna, yaran nan ashirin da shida ne. In na fita, wa zai shiga?”

Inna ta juya mata baya, kwana huɗu ba ta ci abincinta ba.

Mutane kuwa suka ce abin da za su ce. Mako na biyu yatsun suka koma ja-ja, na uku suka yi ruwan ɗorawa, kowa ya ga ba a sake ba. A bakin famfo mata su gaishe ta idonsu a kan hannunta. Maza su tare Salih yana ba alkama ruwa, su tambaye shi lafiyar gida har sau uku. Wata ta zo mini sa lalle musamman don ta ji ko saki ɗaya ne ko biyu. Mun faɗi gaskiya, amma wa zai yarda na'ura ce ta hana mace lalle? Mu'minat dai ta karɓe wankin gidan duka, har nawa, ta wuni hannu cikin ruwan sabulu don lallen ya fita, da safe ta tafi aji ta riƙe alli a gaban yara ba ta ɓoye komai ba.

A kwana na sha takwas da zuwanmu Madani, Abdussalami ya tara matan gari ƙarƙashin bishiyar dogon yaro yana neman ƙuri'a. Aka raba shayi. Ya yi maganar hanya, ya yi ta asibiti, sannan ya ce shi ne ya tsaya sai an tantance baƙin da ke koyar da 'ya'yanmu. Inna, wadda har ranar ba ta gama hucewa ba, ta miƙe da sandarta. Ta kamo hannun Mu'minat ta ɗaga sama.

“Abdussalami, ka ga wanga hannu? Don takardar da kak kawo yay yi hwari. Ita aji guda aka ba ta, anka ce ta kawo fish. Kai jiha kake so mu ba ka. Ina naka?”

Ya yi murmushi ya ce, Hajiya, doka ba ta waiwayar abin da ya wuce shekara bakwai.

“Doka ta manta,” in ji Inna. “Gonata ba ta manta ba.”

Babu wadda ta yi dariya, amma kofuna da yawa aka ajiye da sauran shayi a ciki. Ya ci zaɓensa daga baya da ƙuri'un wasu garuruwa, ba zan ɓoye ba. Daga ranar dai tsegumin saki ya mutu.

A kwana na ashirin da uku muka koma Madani, saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu. 'Yar sandan nan ce dai. Babban yatsa, kore. Manuni, kore. Ina ƙirgawa a zuci har takwas. Na tara, ɗan yatsan zobe na hagu, inda na fi cika lalle, ya yi ja. Aka goge gilashin, ja. Aka sake, ja. Na daina ƙirgawa. 'Yar sandan ta ce wa Mu'minat ta shafa yatsan a goshinta ya ɗan ji maiƙo, ta danna a hankali. Inna tana ta salati a bayyane, mutanen layi suna kallonmu. Sai ga kore. Na goma bai yi gardama ba.

Bayan kwana biyu Salih ya karɓo takardar. Layi ɗaya ne a ciki mai amfani, cewa ba a samu komai a kanta ba. Mu'minat ta kai wa shugabar makaranta kafin a tashi, ta dawo ta zauna a tsakar gida ta ɗora kai a gwiwa, ta yi kukan da ba ta yi ba duk kwanakin nan. Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Da la'asar na ɗauko kwanon lalle, Inna ta ƙwace ta kwaɓa da kanta. Ta zauna ta ɗora hannun Mu'minat a cinyarta, ta daɗe tana kallon fararen yatsun, sannan ta miƙo mini.

“Sa mata, Lubna. Ki cika shi da kyau, sai yaranta sun gama jarrabawa bai koɗe ba.”

Ranar Lahadi, farkon makon makaranta a wajenmu, ta shiga aji da yatsu baƙi wuluk. Yara ashirin da shida suka ɗauki guɗa har shugabar makaranta ta leƙo. Mu'minat ta gyara tob ɗin da ya zame, ta ɗauki alli, ta ce saura kwana goma sha tara a yi jarrabawa, kowa ta buɗe littafi.