Bawul ɗin Bappa Gaji

Bappa Gaji ƙanin mahaifina ne, kuma duk wanda ya taɓa kai fanka ko injin da ya ƙone gyara a Gaya ya san rumfarsa ta bayan kasuwa. Da kiwo ya taso. Da shanun gidanmu suka ƙare sai ya tafi Kano ya koyi naɗin koyil, wato sake naɗa wayar tagulla a cikin inji. Ya dawo da akwatin kayan aiki da ɗabi'ar sunsuna duk abin da aka miƙo masa kafin ya kunce shi. Mutum ne mai tsoron gobara. Ko ashana aka ƙyasta kusa da rumfarsa sai ya ɗago kai.

Da na dawo daga karatun injiniya a Indiya, na tarar fetur ya fi ƙarfin manoman rani, sun koma haɗa injin ban-ruwa da tukunyar gas ta girki. Tiyo kawai suke zurawa a bakin kafireto, inda fetur ke shiga injin. In injin ya mutu, gas ya yi ta fita har sai wani ya ruga ya rufe. Wannan ya hana Bappa sukuni, ya ce sai ya ƙera bawul mai rufe kansa.

Na riƙa zama wurinsa don abin ya ba ni sha'awa. Ya naɗa waya a jikin ɗan bututu, ya sa ƙusar ƙarfe a ciki, sifirin yana danne ta a kan wani ƙaramin rami. Wutar injin na shiga wayar sai ta zama maganaɗisu, ta ja ƙusar, gas ya wuce. Wutar na ɗaukewa sifirin ya mayar da ita. Mun sha wahala. In naɗin ya yi yawa ƙusar ta yi nawar ɗagawa, in ya yi kaɗan koyil ya ɗau zafi. Gas kuma busasshe ne, ba ya jiƙa ƙarfe kamar fetur, sai ƙusar ta riƙa maƙalewa. A bakinta ya manna 'yar roba da ya yanko daga tsohon tub na babur, ita ce mai toshe ramin.

Biyu ya fara yi. Ɗaya ya bari a rumfa, ɗaya ya ɗaura wa surukinsa Muzammil na Gafasa, mijin Zaituna. Zaituna ce 'yar farinsa, kuma bisa kunyar da aka san gidanmu da ita bai taɓa faɗin sunanta ba. Ta Gafasa yake ce mata. Ranar da ya ɗaura bawul ɗin, a gabana ya gaya wa Muzammil cewa ko ya manta kan tukunya a buɗe babu komai, wannan zai rufe.

Bayan wasu watanni Zaituna ta haihu, haihuwarta ta uku, a ɗakinta. Ana shirin suna, wata safiya ina rumfa, na ga Bappa ya tsaya da aiki yana buɗa hanci. Ya kaɗa sabulu a gwangwani ya shafa a bakin bawul ɗin da ke haɗe da tukunyar gwaji. Kumfa ta kumburo ta fashe, wata ta biyo. Ya rufe tukunyar, ya kunce bawul ɗin, ya zaro ƙusar. Robar ta kumbura ta yi laushi, gefenta ya tsage. Gas ne ya cinye ta a hankali.

Na ce masa ko na wurin Muzammil ya lalace haka, gona fili ce, iska za ta kwashe. Bai dube ni ba. Ya ce tun da aka yi haihuwar, Muzammil bai je fadama ba. Na tambaye shi to ina injin da tukunyar suke. Ya ce a Gafasa ba mai barin inji a gona saboda ɓarayi, kuma duk abin da magidanci yake ji da shi ɗakin matarsa yake kai shi, bayan gado.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Mai jego kuwa, da ta fito daga wanka, kaskon garwashi ake shigar mata ɗaki a rufo ƙofa don kada sanyi ya shige ta.

Wayar Muzammil a kashe. Ta Zaituna ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Bappa ya ce tana wanka ke nan. Bai rufe rumfa ba, ya hau bayan babur ɗina.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Bappa, wanda kullum yake ce mini in rage wuta, ranar bai hana ni ba. Ya riƙe rigata har wuyan ya shaƙe ni, ina jin salatinsa a bayan kunnena. Duk hayaƙin da na hango daga nesa sai in ɗauka gidan ne, sai mun matso in ga kara ake ƙonawa a gona. Da muka bar kwalta yashi ya kusa kayar da mu. Can ya yi magana sau ɗaya, ya ce, “Ni na ce masa kada ya damu da rufewa.”

Ba mu yi sallama ba. Bappa ya ratsa zaure ya faɗa cikin gida da takalminsa, mata suka shiga jan mayafi. Hanne, uwar Muzammil, ta taso daga murhu riƙe da kasko da tsumma, garwashi jawur a ciki, ta doshi ɗakin.

Bappa ya ce, “Tsaya nan, Yaya Hanne. Don Allah kada ki ƙara taku.”

Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, “Malam Gaji, lafiya? Ko ɗokin ganin jikan ne ya sa ka manta da sallama?”

Na karɓi kaskon na juye masa bokitin ruwan wanka. Bappa ya tsaya a bakin ɗakin da bai taɓa shiga ba. Labule a sake, taga a toshe da tsumma. Daga inda nake ina jin warin gas ɗin, ya gauraye da tsohon ƙamshin turare. Bappa ya matso jikin labulen. Sannan ya ce, “Zaituna. Ɗauko yaron ki fito. Kada ki taɓa komai.”

Ta fito da ɗaurin ƙirji, jaririn a kafaɗarta, idonta ya yi ja. Ta ce tun jiya kanta ke ciwo. Hanne ta ce sun ji warin, sun ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan gado, shi ya sa ta shirya turare mai yawa da za ta zuba a garwashin.

Bappa ya ja numfashi ya shiga. Na ji ƙarar kan tukunya yana murɗawa. Ya fito da tukunyar a rungume, ya wuce da ita har bayan gida, ya ajiye a ƙarƙashin darbejiya. Muka yaye labule, muka cire tsumman taga, aka kashe murhu. Sai a lokacin ya zauna a ƙasa. Aka kawo masa ruwa ya sha.

Ya kunce bawul ɗin da hannunsa ya sa a aljihu. Ranar suna bai ci naman ba.

Bai bar aikin ba. Yanzu rumfarsa cike take da kwalabe, kowace da guntun roba a jiƙe a fetur, wasu kuma a rufe cikin bututun gas, muna duba wadda za ta jure. Ya samu wata baƙa daga Kano da ba ta kumbura ba, amma bai yarda ya ɗaura wa kowa ba tukuna. Duk manomin da ya zo, kafin su gama gaisawa zai tambaye shi a ina tukunyarsa take kwana.

Na tambayi Zaituna daga baya ko ta tsorata da warin. Ta ce a'a, ba ta san abin tsoro ba ne. Abin da ya tsinka mata zuciya muryar Baba ce. Da ta ji sunanta a bakinsa, ta ce, sai ta ɗauka mutuwa aka yi.