Gwangwanin Irin Malam

Jiya jikata ta dawo daga Kawo da ƙullin soyayyiyar fara, ƙamshin yaji ya riga ta shiga ɗaki. Ita ce take rubuta muku wannan, ni ban yi karatu ba, baki kawai gare ni. Tun da na shaƙi ƙamshin nan hankalina ya koma ƙauyenmu na ƙasar Katsina.

Ban fi shekara bakwai ba farin dango ya sauka mana, gero ya fara fid da kai. Da hantsi rana ta dushe, muka ji ƙugi kamar ruwa na tafe daga gabas. Maza suka fita da ganguna, mata suka tada hayaƙi, amma kafin la'asar gonaki sun koma kara tsirara. Mu yara murna muke, muna cika ƙorai da fara. Kakata kuwa rumbu ta shiga, ta zaɓi geron bara mafi ƙwari, ta cuɗa shi da toka a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Da yunwa ta kai mana wuya a bazara, babana ya durƙusa ya roƙe ta. Ta ce, "Wannan ba abinci ba ne, iri ne." Na ji haushinta ƙwarai a watannin nan. Da ruwan farko ya sauka, da hannunta ta fasa lakar, rabin unguwarmu daga tulun nan suka yi shuka.

Bara, da ciwo ya kwantar da Malam, maigidana, jikar nan tawa takan zauna bayan la'asar ta karanta mana wani littafin Turanci na matasa, tana juya shi da Hausa. Wasu halittu ne suka sauko daga sama suka share garuruwa. Malam yakan ɗago daga matashi ya ce, "Amaryata, duba da kyau, ana cin su? Mu da namu suka sauko soya su muka yi." A ƙarshen littafin yaran da ake ba da labarinsu suka gudu, suka bar wata tsohuwa rungume da gwangwanin iri. Malam ya ce ba za ta kai ba. Na ce za ta kai, na san irinta. Muka ajiye musun sai littafi na biyu ya fito. Bai jira ba. Allah ya jiƙansa, har yau in na ajiye kwano biyu nake ɗauke ɗaya.

Na biyun ya zo bayan na fita takaba, kuma sai da na yi wata biyu kafin na yarda a buɗe shi. Zan faɗi gaskiya: faɗa ya yi yawa a ciki. Yarinyar da ke cikin labarin ma ta gundure ni, gari na ƙonewa tana ruwan ido tsakanin samari biyu. Kuma wadda ta rubuta shi ba ta taɓa kwana da yunwa ba, don yaro ba ya kwana uku bai ci ba ya tashi da gudu.

Amma duk na yafe mata saboda wuri ɗaya. Yaran sun koma gidan tsohuwar, suka tarar ta rasu, gwangwanin a buɗe, ba ko ƙwaya. Suka zagaya baya, sai ga masara da wake sun kai ƙugu. Na ce jikata ta dakata, na yi kuka mai isata. Malam ya fi ni gaskiya, ba ta kai ba. Sai dai ba ta mutu rungume da shi ba.

A saman sif ɗina akwai gwangwanin madara cike da irin kuɓewar Malam. Damina ta fara nisa ban taɓa shi ba, don hannunsa ne ya rufe murfin. Iri kuwa ba ya jira, in ya daɗe mutuwa yake a ciki. Da muka zo Kurmin Mashi bayan gidanmu gona ne, yanzu duk gini ne, iri ma a leda ake saye, ba mai ajiyewa. Na tuna liƙewar kakata shekara da shekaru, na manta ita ce kuma ta fasa.

Yau da safe muka cika tsofaffin buhunan siminti da ƙasa, na buɗe murfin da kaina, muka shuka duka. Gwangwanin na wanke shi, na kife a rana, sai kuɓewar ta yi 'ya'ya ta bushe in sake cika shi da iri.