Gambo Mai Gauraka

Gambo masunci ne a wani ƙauye kusa da Kirikasamma, zamanin mulkin Turawa, amma ko mutanen garinsu ba za su rantse cewa kamun kifi ne sana'arsa ba. Mutum ne marar gindin zama. Bana ka gan shi kife bisa gora yana jan koma a fadama, baɗi ka ji yana Nguru yana dakon gyaɗa a tashar jirgi, kafin a ankara ya dawo da buhun kanwa wai fatauci ya fara. Matarsa Mairam har ta gaji da tambayar ina aka nufa. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma zaman gidan shiru yana daga abin da ke korar Gambo waje.

Wata kaka ya tsinci ɗan gauraka cikin ciyawar fadama, ya sako shi a riga ya kawo gida. Masu kiwon irin wannan tsuntsu sukan rage masa gashin fiffike lokaci-lokaci don kada ya gudu. Gambo ina ya ga wannan haƙurin? Ya gasa wuƙa ya datse gaɓar fiffike ɗaya, yadda ya ga ana yi wa dinya, aiki ya ƙare gaba ɗaya. Tsuntsu ya warke, ya girma, tukkunsa ya fito kamar zinariya. Yana bin Gambo kasuwa da bakin ruwa, in ya ga dama ya buɗe fiffike ya taka masa rawa a tsakar gida. Gambo ya so shi so na gaske, har ba ya jin kunyar a sani. Mairam kuwa haushinsa take ji, don ba ya barin shanyar gero ta zauna lafiya.

Ana nan sai aka yi shela ranar kasuwa: doka ta fito daga Hadeja, ba kama tsuntsun daji, ba ajiye shi a gida. Wanda ke da shi ya mayar fadama, in ba haka ba sai gaban alƙali, a kuma ƙwace tsuntsun. Gambo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɓoye shi a rumbu, tsuntsu ya yi ta kuka har ƙarshen unguwa ana ji. Ya kai shi gidan surukinsa, tsuntsun ya biyo sawu ya dawo da ƙafa. Daga nan ya tafi wajen mai unguwa Shu'ibu.

"Ranka ya daɗe, wannan fa ba ya tashi. Gauraki bisa itace suke kwana. In na sake shi a ƙasa, dila ne zai yi kalaci da shi."

"Gambo, ni ma umarni aka ba ni," in ji mai unguwa. "Ba su tambaye ni mai tashi da marar tashi ba. Ka fitar da shi kafin 'yan doka su zo zagaye."

Gambo ya saɓa tsuntsun a kafaɗa ya nufi fadamar Baturiya. Gauraki na nan birjik suna kiwo, nasa ya shige cikinsu, har Gambo ya fara jin sanyi a ransa. Da rana ta yi ƙasa sai suka tashi gaba ɗaya suka nufi itatuwa. Nasa ya bi su da gudu, yana kaɗa fiffike ɗaya da rabi, ya karkace ya faɗi. Ya tashi ya sake, ya sake faɗuwa. Gambo ya tsaya yana kallon aikin hannunsa.

Bai koma gida ba. Ya sari itace ya kafa doguwar rumfa irin ta masu korar tsuntsaye a gona, ya yi bukka gefenta. Kullum kafin magariba ya kama tsuntsun ya hau ya ɗora shi, da asuba ya sauko da shi. Abokai suka zo da labarin aiki a Nguru, ƙafarsa na ƙaiƙayi, har ya ɗaura kaya, sai kuma ya kwance su. Mairam tana kawo masa tuwo tana mita, wai namiji da gemunsa ya zama mai renon tsuntsu. Haka aka yi shekaru.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. 'Yan'uwa suka ɗauke shi a kwalekwale yana turjewa, suka kai shi gida. Yammar nan kowa ta kansa yake, ba wanda ya tuna da rumfa. Da gari ya waye Mairam ta tafi da kanta, ta iske gashi warwatse a gindin rumfar da sawun dila a laka. Ta zauna ta yi kuka, abin da ita kanta ba ta zata ba, ta wanke fuska ta dawo.

Gambo bai ƙara tashi ba. Kullum rana ta karkata sai ya shiga mutsu-mutsu yana neman miƙewa.

"Mairam, an ɗora shi?"

"An ɗora shi, Malam. Kwanta."

Haka ta riƙa ba shi amsa har ranar da ya cika.