Ba Zan Cire Ƙwaryar Dije Daga Shafin Zulai Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Zulai, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da muke yi a gida bai wuce saukar Alƙur'ani da rabon waina ga maƙwabta ba. Ban taɓa kawo maganarta jarida ba. Bana na kawo ta ne saboda yayanmu Sada ya nemi in cire wani zane guda ɗaya daga shafin da ta bari a intanet, ni kuma na ƙi. Tunda maganar ta riga ta shiga kasuwar Safana, gara a ji ta daga bakina.

Zulai da ciwon sikila aka haife ta. A Batsari muka tashi, kuma rabin ƙuruciyarta a kwance ta yi shi. Da ta gama sakandare jikin ya hana ta ci gaba, ni kuma a lokacin na fara aikin karanta labarai a wani gidan rediyo a Katsina. Sai na saya mata tsohuwar kwamfuta don ta rage mata zaman kaɗaici. Zamanin ne da ake yayin bulog, wato shafin da mutum ke buɗe wa kansa a intanet yana rubuta abin da ya ga dama. Mata da yawa sun buɗe: wannan tana koyar da girki, waccan lalle, wata gajerun labarai. Kowane shafi yana da bango, wato adon da ke bayan rubutu, kuma kusan dukansu iri ɗaya ne: furannin da ba sa tsirowa a ƙasarmu, leshi fari, da butocin shayi na Turawan da.

Wata rana na zo hutu, ta juyo mini da kwamfutar ta ce, "Yaya Mariya, duk matar da na buɗe shafinta sai in ga kamar a ɗakin wata tsohuwar Baturiya take zaune. Mu iyayenmu ba su da ɗaki ne?"

Daga nan ta kama aikin da ta yi har ƙarshen ranta. Ranar da jiki ya yi mata daɗi, sai ta hau a-kori-kura ta 'yan kasuwa ko babur, ta nufi Runka, ko Tsaskiya, ko Babban Duhu. Ta shiga gidan tsohuwa, a gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da gajiya da ruwan bana, ta sha furar da aka dama mata. Sai can ta nemi a sauko mata da langa guda daga jere, ko fanteka mai furanni, ko tsohuwar atamfar da ke ƙasan adudu. Takan shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa ta ɗauki hoto. Idan ta dawo gida, ta yanki ɗan murabba'i daga hoton, ta yi ta gyara gefunansa har sai ya zama idan aka jera shi sau ɗari ba a ganin mahaɗa. Sannan ta dusashe launin, ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya yi sanyi, ta buga rubutu a kai ta gwada ko ido zai karanta ba wahala. Na gane wannan ƙa'idar tun kafin ta yi mini bayani, domin haka muke yi da kiɗan da ake sakawa ƙarƙashin muryar mai gabatarwa: a ji shi, amma kada ya danne magana.

Kyauta take bayar da zanen, kowa ya sauke ya sa a shafinsa. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa sassauta shi ba: sunan mai kayan da garinta su zauna a ƙasan zane. Ko ɗigon jan farcen da mata ke yi wa gindin kwano don kada ya ɓace a gidan biki ba ta gogewa. Wata mai shafin girki ta taɓa rubuto mata cewa ɗigon yana ɓata adon. Zulai ta amsa mata da cewa mai langar da ɗigon take gane abinta, wanda bai so ya nemi wani bangon.

Zanen da ake rigima a kansa sunansa Ƙwaryar Dije da Faifan Lami. Inna Lami mai ƙuli-ƙuli ce a Runka. Goggo Dije Bafulatana ce daga wata ruga da ke kusa, mai tallan nono, kuma gidan Inna Lami ne masaukinta duk ranar kasuwa tun suna da ƙarfinsu. A can take ajiye kaya, ta yi salla, ta huta kafin ta koma. Ranar da Zulai ta je, ta tarar da ƙwaryar Dije mai zanen wuta a tsakar gida, an rufe ta da faifan Lami mai ja da kore. Ta tambaya wanne za ta ɗauka. Suka ce ta ɗauke su yadda ta gan su. Ya fito da kyau ƙwarai, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan ja a gefe, kuma cikin duk abin da ta yi shi mata suka fi so.

Zulai ta rasu kafin abubuwa su kai inda suka kai. Wani lokaci nakan ce Allah Ya yi mata sutura. Hanyoyin da take bi ita kaɗai da kyamara a jaka, yau namiji mai ƙarfi sai ya yi tambaya kafin ya hau su. Da yawa daga ɗakunan da ta shiga ba kowa a cikinsu. Jeren da aka yi shekaru ana tarawa, wanda bai ƙone ba ya tafi hannun 'yan gwangwan a kan sikeli. Ni kuwa aikina ya zama karanta sunayen garuruwan nan a labaran safe, da muryar da aka koya mini, wadda ba ta rawa. Bulog ma ya fita yayi, yanzu kowa ɗan gajeren bidiyo yake yi. Da tana nan, na san za ta yi wa masu bidiyon tsiya, ta ce suna magana kamar ana korarsu, daga baya kuma ta koyi abin ta fi su. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta ji idan ta ga sharhin da aka fara rubutawa ƙarƙashin zanen Dije. Ba zan maimaita shi a nan ba. Ma'anarsa dai ita ce, mai sa ƙwaryar Fulani a shafinsa a wannan zamani an san ɓangaren da yake.

Kalmar sirrin shafin a hannuna take, domin ni Zulai ta ba wa. Shi ya sa Yaya Sada ya kira ni. Yana da shagon kayan masarufi a Safana.

Ya ce, "Mariya, ki saurare ni da kyau. Ke kina Katsina cikin ɗaki mai sanyi kina karanta labari, ni nake buɗe shago a nan kowace safiya. Jiya wani ya miƙo mini waya a gaban mutane, ya ce, Alhaji, ashe har tallan ƙwaryar Fulani gidanku ke yi? Kin san kalmar da ke biyo bayan wannan."

Na san ta. Infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. A yankinmu yau, idan aka liƙa wa mutum ita, ba kullum ake jiran bincike ba. Don haka ban ɗauki maganar yayana da wasa ba, kuma ba na son mai karatu ya ɗauke shi matsoraci. Ya yi jana'izar abokansa, ya kuma zauna a garin lokacin da masu hali suka kwashe iyalansu. Ya ce zane ɗaya ne kawai, sauran duk su zauna, ita kuma Zulai addu'a take buƙata, ba ƙwarya ba.

Na ce ya ba ni mako guda. A aikinmu ba a yanke magana kafin a ji daga mai ita, kuma zanen nan na mutum biyu ne. Dije ba wanda ya san inda take. Inna Lami kuwa na samu labarin tana Safana, a ɗaki guda a gidan wani ɗan ƙanenta, tun bayan da aka harbe ɗanta Ali a gona. A raina na ƙudurta cewa idan ta ce a cire, zan cire, domin ta fi ni haƙƙin faɗa, ta kuma fi masu sharhin.

Na same ta da hantsi tana tsince wake. Ta tsufa ƙwarai. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar Ali, ta yi mini ta Zulai kamar jiya aka yi. Sannan na buɗe wayar na miƙa mata.

Ta kai ta kusa da ido, sai ta yi dariya. "Kai, wanga faifaina ne! Ga ma inda ɓera ya ci. Yarinyar nan ba ta ɓoye mini asiri ba."

Na faɗa mata abin da ya kawo ni, ban rage komai ba.

Ta ce, "Wa ya ce a cire?"

"Mutane, Inna."

"Waɗanne mutane? Su suka haifa mini Ali, ko su suka binne shi?" Ta ture farantin waken gefe. "Ɗiyata, wanda ya harbe Ali ban gan shi ba, Allah Ya gan shi. Amma na san ba Dije ba ce. Dije ta goya Ali a bayanta ina suyar ƙuli. Kuma su aka fara kora kafin mu, an kwashe musu shanu ba a bar ko maraƙi ba."

Ta sunkuya da ƙyar, ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado, ta kwance ƙyallen da aka naɗe shi da shi. Ƙwaryar ce. Ta ce ranar kasuwar ƙarshe da Dije ta zo, ta kawo mata nono kyauta ta bar ƙwaryar. Kowa ya san ba a mayar wa mutum ƙwarya ba komai a ciki, don haka ta ajiye ta da niyyar ta cika ta da gero mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo rugar ta watse. Da gudu ya zo kan su Inna Lami, ta bar jerenta gaba ɗaya a bango, ta ɗauki wannan.

Na ce, "Inna, kika bar languna kika ɗauki ƙwarya?"

"Langunan nawa ne, in na bar su ni na yi asara. Wagga ba tawa ba ce. In ta zo ta ce, Lami ina ƙwaryata, mi zan ce mata?"

Ta sake kallon wayar, sannan ta tambaye ni ko abin nan ko'ina ake ganinsa. Na ce duk inda akwai waya da sabis. Ta ce har wata ƙasa? Na ce har can. Ta ce to tunda jikokin Dije ba za su rasa waya ba, in rubuta mata saƙo a ƙasan hoton. Na gaya mata a fili cewa masu zagin za su gani, kuma suna iya juyowa kanta. Ta ce, "Su zo. Ina da wake da yawa, sa taya ni tsinta."

Ga abin da na yi, kuma ina so a karanta shi da kyau, musamman a kasuwar Safana. Na sa sunana a saman shafin a matsayin mai kula da shi. Alhaji Sada ba shi da kalmar sirrin, bai taɓa riƙe ta ba. Ya nemi in cire zanen har sau uku, ni na ƙi. Wanda yake da magana ya kawo mini ita, muryata ba ɓoyayya ba ce, kuna jin ta kowace safiya. Yayana bai gamsu ba har yanzu. Gaisuwarmu ta gajarce, kuma ina kwana da sanin cewa idan wani abu ya same shi ba zan yafe wa kaina ba. Duk da haka ba zan goge sunan matar da ba ta yi wa kowa komai ba don a ce gidanmu ya nuna ɓangarensa. Idan na cire Dije, sai in yanke faifan Lami da ke kanta, alhali mai faifan, wadda ta fi mu rashi, ta ce a bari.

Zulai ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ko fili ba. Waɗanda ke sauke zanenta yanzu ba su da yawa, kuma wata rana kamfanin da ke riƙe da shafin zai iya rufe shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Abin da ta bari shi ne shaida, mai suna da gari, cewa matan yankin nan sun yi ado, sun yi zaɓen launi, sun yi ƙawance, kafin a san garuruwansu da labarin da nake karantawa. Sharaɗin nan nata na rubuta suna, wanda muke yi mata dariya a kansa, shi ne ya sa yau akwai inda za a aika saƙo. Allah Ya kai haske kabarinta.

Saƙon yana nan ƙarƙashin zanen tun ranar Talata, yadda Inna Lami ta faɗe shi, ban gyara mata ko kalma ba: "Dije, Lami ce. Ina Safana, ina da rai. Ali ya rasu. Ƙwaryarki tana wurina, geronki kuma yana nan. Ki aiko ko ki zo."