Mota Ɗaya da Surukina Zuwa Malumfashi

Matan unguwarmu kun ishe ni da tambaya. To ga labarin, kowacce ta karanta, ku bar ni in soya ƙuliƙulina.

Dandume

Ana idar da sallar asuba motar Malam Dahiru direba ta tsaya a ƙofar gidana. Alhaji Sabi'u, shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, shi ne a gaba. A baya akwai sakatarensa Malam Ilu, da wani ɗan kwamiti da bai farka ba sai a Malumfashi. Taro aka kira a can, na jin ra'ayin jama'a kan tazarar haihuwa da ware wa mata kujeru a majalisa, aka kuma ce duk tawagar da ta zo babu mace ba za ta shiga ba. Kowannensu da matarsa a gida, amma aka rasa mai barin tasa ta fita. Sai aka tuna da ni, tunda maigidana ya rasu, babu wanda za a nemi izininsa.

"Hajiya Tabawa, aikinki kaɗan ne," in ji Alhaji. "In kin ga ana tafi, ki tafa."

Na ce to, amma akwai abin da ke ci mini rai. 'Yata ta fari tana aure a Tsiga. Kun san sha'anin 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa. Haihuwarta ta bara saura ƙiris ta tafi da ita. Likita ya ce lallai ta huta, mijin ya ce ba a gidansa ba. A bakin ƙanwata na ji, don wannan ba maganar da ake yi da suruki ba ce. Na ce bari in je, ko masu ilmi suna da dabara.

Funtua

Rana na fitowa muka sha koko da ƙosai a bakin tasha. Nan gardama ta kaure. Malam Ilu ya rantse shi yana goyon bayan 'yancin mata ɗari bisa ɗari.

Direba ya ce, "To ina taka matar?"

"Ai ita ba ta son hayaniya."

Alhaji kuwa cewa ya yi duk maganar baƙi ce, kuma ya tanadi maganinsu: wani Na-Tsiga da yake ji yana bugo waya gidan rediyo, wanda in ya fara magana sai an katse layi. Ta waya suka shirya, shi zai yi mana jawabi. Maza sun yi yawa a Tsiga, ban kawo komai a raina ba.

A shingen bayan gari ɗan sanda ya leƙo ya tambayi abin da muka ɗauko. Alhaji ya nuna ni da babban yatsa. "Mace ce, ta taro." Aka ɗaga mana hannu.

Tsiga

Muka wuce Bakori, muka ratse, masara ta rufe hanya dama da hagu. Da motar ta tsaya sai na ga na san zauren nan: ashe Na-Tsigan surukina ne. Ga shi ya fito cikin babbar riga ta sha sitaci, tun daga soro yake ɗaga murya: "Yau za su san an zo!" Ya buɗe ƙofar baya muka yi ido huɗu.

Ban taɓa ganin mutum ya tuɓe takalmi da sauri haka ba. Ya durƙusa cikin taɓo, riga da komai.

"Inna, ina kwana."

Na ja mayafi na juya kai. "Lafiya lau. Ya yaran?"

Gurbin da ya rage kuwa kusa da ni ne. Alhaji ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Ƙarshe aka buɗe but, wurin kaya a bayan mota, babban mai jawabinmu ya naɗe kusa da tayar safaya. Muna juyawa na hango yarinyar tawa ta leƙo daga soro da goyo a baya, wuya duk ƙashi. Na kawar da kai kamar ban gani ba.

Malumfashi

Da hantsi muka isa. Aka raba shinkafa da nama a roba, surukin nawa ya ce shi ya ƙoshi, alhali tun daga Tsiga nake jin kukan cikinsa. Wa zai tauna a gaban surukarsa?

Masu taro suka jera mata a sahun gaba saboda hoto, daidai bakin abin magana. Aka kira shi. Ya yi sallama, ya gaida manya, ya gaida ƙanana, ya sake gaida manya. Ya ce, "Game da maganar hai..." Idonsa ya faɗo kaina. Sai ya koma kan tsadar taki, daga nan ya shiga tsutsar masara. Alhaji yana ta yi masa alama da hula. Ya rufe da addu'ar samun damina mai albarka. Na ga ana tafi, na tafa.

Sai aka ce kowace mace ta ce wani abu. Na miƙe, na fuskanci bango.

"Ni ban san doka ba, ba kuma kujera na zo nema ba. Wata yarinya ce a wani gari, likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki yanzu, sai dai wani ikon Allah. Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa barin ta da yunwa ba. Uwarta tana gani, kunya ta hana ta ko kiran sunanta. Ina tsoron ranar da za ta kira sunan da ƙarfi a gaban kowa, babu mai amsawa."

Na zauna. Wannan karon ba a tafa ba.

Komowa

Har Tsiga Alhaji yana mita an yi masa asarar jawabi, daga but kuwa ko tari babu. Da aka buɗe masa ya fito, bai zo wajena ba, sai ya zagaya tagar direba, yana kallon ƙasa.

"Malam Dahiru, ran Talata ka biyo da sassafe. Akwai wadda za ka kai asibitin Funtua."

Ni ma na dubi ƙeyar direba. "Malam Dahiru, ka ce an gode. Allah ya yi albarka."

Direba ya dube shi, ya waiwayo ya dube ni. "Ikon Allah! To wa ke rashin lafiya?"

Na ce ya kula da hanya.

Kafin magariba na sauka a ƙofar gidana lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sai Malam Dahiru da bai manta da Talata ba. Ƙanwata ce ta raka su. Ta ce surukin nawa shi ya riƙe jaririn a bakin ɗakin awo, yana ta tare ma'aikaciya da tambaya, wai tazarar shekara uku ta isa ko a ƙara.